Takin da Muke Saye da Dala, Muke Zubarwa a Kududdufi: Maganar Fosforas ga Manoman Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya shiga kasuwar Sara ko ta Babaldu da niyyar sayen taki a 'yan shekarun nan ya san yadda ake fitowa. Ka je da kuɗin buhu biyu, ka dawo da ɗaya, wani lokacin ma da 'yan kwanoni a leda. A 2017, lokacin da shirin takin Shugaban Ƙasa ya kankama, an tsayar da buhun kamfa 20:10:10 a kan naira 5,500. Zuwa daminar 2024 buhun ya haura naira dubu talatin a kasuwanni da dama. Kowa yana kuka da tsada, kuma kuka ya kama. Amma akwai wani ɓangare na maganar da ba a cika taɓowa a majalisa ba: ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin buhun nan, wanda shi ne aka fi shan wahalar kawowa, muna da shi a gida, kuma kullum zubar da shi muke yi. A wasu ƙasashe an kai ga kafa dokoki da gina manyan tankuna don a tsamo shi daga ruwan ƙazanta. Mu a nan fa?

Lambar tsakiya a jikin buhu

Ɗauko buhun kamfa ka dubi lambobin nan uku. Ta farko ta naitirojin ce, wanda ke sa ganye ya yi shar, shi ne kuma ke cikin yuriya. Ta ƙarshe ta fotash ce, mai ƙarfafa kara. Ta tsakiya ita ce tamu a yau: fosforas. Shi ne abincin saiwa, shi ne ke sa shuka ta kama ƙasa da wuri, ta yi fure, ta cika ido. Tsofaffin manoman gyaɗa sun san shi da sunan supa.

In ka ga masara tana ƙarama ta tsugune ta ƙi tashi, gefen ganyenta ya yi ja-ja kamar an shafa ruwan zoɓo, to sau da yawa yunwar fosforas ce. In gyaɗa ko wake ko waken soya sun yi ganye amma 'ya'ya ba auki, shi za ka fara zargi. Masu bincike a tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe da nuna cewa a ƙasar jigawa irin ta yankinmu, ƙarancin fosforas yana cikin manyan abubuwan da ke danne amfanin gona. Inda ya yi ƙaranci, ko ka zuba yuriya ba za ta ba ka abin da ka biya ba. Shi ya sa wani zai ce maka ya sa buhu biyu na yuriya amma gonar ba ta amsa ba, har ya fara zargin takin jabu ne, alhali ƙasar ce ke neman wani abu daban.

Daga ina yake zuwa, me ya sa ya yi tsada?

Yuriya a gida ake yin ta. Da iskar gas ake sarrafa ta, kuma Nijeriya tana da gas. Akwai masana'antar Indorama kusa da Fatakwal, akwai ta Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Fosforas kuwa ba a ƙera shi. Dutse ne ake haƙowa a niƙa a sarrafa. Kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyar dutsen nan da aka sani a duniya yana hannun ƙasa ɗaya, Maroko. Shi ya sa lokacin da Sarki Muhammad na Shida ya zo Nijeriya a watan Disamba na 2016, yarjejeniyar taki na cikin manyan abubuwan da aka sa wa hannu: Maroko ta kawo fosfet, a kawo fotash daga waje, a haɗa da yuriya da farar ƙasa na gida a masana'antun gauraya taki, irin ta Malam Alu da ke nan Birnin Kudu.

Ka ga ke nan, ko a ƙofar gidanka aka ɗinke buhun, lambar tsakiyar nan ta ƙetaro teku ne, kuma da dala aka biya. Daga ƙarshen 2021 Sin ta taƙaita fitar da takin fosfet. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwar taki ta duniya. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da ya ƙare a aljihun mai gona a Kila ko Sundimina.

Ba wai ba mu da dutsen ba ne sam. Akwai shi a ƙasar Sakkwato, akwai a Tawa ta Nijar, akwai a Togo. Har an taɓa buɗe masana'antar supa a Kaduna a 1976, daga baya aikinta ya ja baya. Farfaɗo da wannan aikin hukuma ne da masu jari, kuma ba abin da za ka jira kafin shukar bana ba ne.

To ina namu yake tafiya?

Bari mu yi lissafi na kasuwa. Lambar da ke jikin buhu ba zallan fosforas take nufi ba, ma'auni ne na 'yan masana'anta. Buhun kilo 50 na 20:10:10 yana ɗauke da zallan fosforas kimanin kilo 2 da ɗan ɗoriya. Na 15:15:15 kuwa kilo 3 da ɗan ɗoriya. A ɗaya gefen, duk tan ɗaya na masara ko dawa, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, yana fita daga gona da kimanin kilo 3 na fosforas a cikin tsabarsa. Ranar da ka loda buhu goma a mota zuwa Dawanau, ka sallami abin da ya fi na buhun kamfa 20:10:10 guda. Haka riɗi, haka gyaɗa, haka wake. In kuma ka kwashe kara da harawa ka sayar, ka ƙara da wani.

Wanda aka ci a gida fa? Jikin baligi ba ya ajiye fosforas ɗin da ya ci, kusan duka fita yake yi. Ƙiyasin masana ya nuna mutum ɗaya yana fitar da tsakanin giram 300 zuwa 600 a shekara, gwargwadon abincinsa, kuma fiye da rabi a fitsari yake. Gida mai mutum goma ke nan yana zuba kilo 3 zuwa 6 a masai duk shekara, kwatankwacin fosforas ɗin buhu ɗaya da rabi zuwa kusan uku na 20:10:10. Yanzu ka ƙirga gidajen unguwarku, ka ƙara da makarantun kwana, da tsangayoyi, da tashoshin mota, da mayanka. Abin dariya ma, asalin gano sinadarin nan daga fitsari ne: wani Bajamushe mai suna Hennig Brand, a birnin Hambag a 1669, ya yi ta dafa fitsari yana neman zinariya, sai ya samu wani abu mai ƙyalli a duhu.

Wanda bai tsaya a masai ba, ruwan sama ya kwashe shi ta lambatu zuwa kududdufi. Ka lura da kududdufin bayan gari da rani, yadda yake komawa kore shar, gansakuka da kainuwa su rufe shi, ya dinga wari, kifi ya taso sama yana haƙi? Taki ne ya yi masa yawa. Abin da gonarka ke kukan rashinsa, shi ne ya shaƙe ruwan. Sauran kuma ya bi rafukanmu zuwa kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja can ƙasa. Kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, babban dalilinta sauyin tafiyar ruwa ne bayan gina madatsun Tiga da Challawa, amma duk takin da ya gangara can ƙarin abinci ne gare ta.

Yadda ake sa bakteriya su tsamo shi

Matsalar koren ruwan nan ita ce ta dami Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1970. Ruwan ƙazantar birane kamar Johanasbag da Firitoriya yana komawa madatsun da ake sha daga cikinsu, gansakuka na cinye su. Hanyar da aka sani a lokacin ita ce a zuba alif ko gishirin ƙarfe, su kama fosforas su kwanta da shi a ƙasan tanki. Tana aiki, amma sai an yi ta sayen magani, dagwalo ya yi yawa, kuma fosforas ɗin da alif ko ƙarfe ya kama yana ƙullewa tamau, saiwa ba ta samunsa da sauƙi.

Wani injiniya ɗan ƙasar, James Barnard, shi ne ya fito da dabarar da ta bazu a duniya, har aka ba shi lambar yabon ruwa ta Lee Kuan Yew a Singafo a 2011. Dabarar ba ta buƙatar magani, ta dogara ne da halin wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ruwan tun asali.

Ga yadda take. Ana shigar da ruwan ƙazanta tanki na farko, inda babu iskar oksijin ko kaɗan. Yawancin bakteriya a nan ba sa iya cin abinci yadda ya kamata. Amma akwai wani jinsi mai rumbu a cikinsa, inda yake tara fosforas. Da ya ji babu iska, sai ya fasa rumbun nan ya samu ƙarfi, ya yi amfani da ƙarfin ya haɗiye abinci mai sauƙi da ke cikin ruwan, irin tsamin da ke fitowa in abu ya fara ruɓa, ya adana. A wannan matakin fosforas ƙaruwa ma yake yi a cikin ruwa. Daga nan sai a tura ruwan tanki na biyu, inda injina ke hura iska. Nan bakteriyar za su ƙona abincin da suka adana, su hayayyafa, su koma cika rumbu, kuma sai sun kwashi fosforas fiye da wanda suka saki. Kamar ɗan kasuwar da ya fitar da hatsinsa lokacin tsada, kaka na yi ya cika rumbu har ya ƙara wani. A tanki na uku sai a bar ruwan ya natsu, bakteriyar su kwanta a ƙasa su zama dagwalo. A mayar da wani kaso farko ya ci gaba da aiki, a kwashe sauran. Fosforas ya fita tare da su, ruwa ya wuce.

Sirrin duka shi ne wannan kai-komon tsakanin rashin iska da iska, domin shi ke ba masu rumbu galaba a kan sauran. Dagwalon da aka saba samu yana da fosforas kimanin kashi 2 cikin 100 in ya bushe, na wannan hanyar yakan ninka haka ko fiye. Sai dai aikin yana son lura. In wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya, ko ruwan sama ya tsinka ruwan, ko abinci mai sauƙin nan ya yi ƙaranci, sai bakteriyar su saki abin da suka tara.

Daga baya kuma aka ga wani abu. A irin waɗannan masana'antu bututu kan toshe da wani farin dutse mai kama da tsakuwa, ana kiransa sitirubayit. Da aka duba, ashe fosforas ne da naitirojin da maganiziyam suka haɗu suka daskare, wato taki ne tsantsa mai narkewa a hankali. Yanzu da gangan ake haɗa shi a zuba a buhu a sayar. Masana'antar Stickney ta birnin Shikago a Amurka ta buɗe irin wannan sashe a 2016. Jamus kuma ta yi doka a 2017 cewa daga 2029 dole manyan masana'antun tace ruwan ƙazanta su dinga tsamo fosforas daga dagwalonsu. Ƙasashen da suka fi mu kuɗin sayen taki, su ne suka fara tsince shi daga masai.

Mu da ba mu da bututu fa?

Gaskiya ɗaya ce: ba za a gina irin wannan a Gwaram ko Birnin Kudu gobe ba. Tana buƙatar bututun da ke haɗa gidaje, da ruwan famfo mai yawa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ko a ƙasa baki ɗaya irin masana'antar Wupa ta Abuja 'yan kaɗan ne. Duk wanda ya zo wa ƙungiyarku da maganar zai kafa muku injin mayar da ruwan kwata taki in kun tara kuɗi, ku tambaye shi inda ya taɓa kafawa, ku je ku gani da idonku.

Amma ku lura da wani abu. Wahalar da Turawa ke sha duka ta samo asali ne daga cewa sun tsinka ƙazantarsu da ruwa mai ɗimbin yawa, sai sun dawo suna tacewa. Mu namu bai tsinke ba. Yana nan a rami, a tattare. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili, dukan ƙananan hukumominta 27. Abin alfahari ne. Sai dai duk ramin da aka haƙa zai cika. In ya cika, ko a rufe a haƙa wani, ko a kira masu yasa, waɗanda a Kano ake wa laƙabi da "gidan kowa da akwai". To ina suke kai abin da suka kwasa? In bayan gari ne ko bakin rafi, an yi ba a yi ba: cutar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga, takin kuma ya tafi a banza. Wannan ita ce tambayar da ke gaban ƙananan hukumominmu yanzu, kuma manomi yana da bakin magana a ciki, domin shi ne mai buƙatar kayan.

Abin da maƙwabta suka gwada

Ba sai mun je Jamus ba. A Agye ta jihar Maraɗi, wajen 2009, an yi wani aiki da manoman ƙauyuka inda aka dinga tara fitsari a jarka ana ajiyewa. Su da kansu suka raɗa masa suna "takin ruwa". Bayan haka matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya, a Maraɗin dai, suka ɗauki abin suka sa masa suna "Oga", don a daina jin nauyin ambatonsa. Tare da masu binciken cibiyar INRAN ta Nijar suka yi gwaji a gonakin gero sama da 600 tsakanin 2014 da 2016, aka samu ƙarin amfani kimanin kashi 30 cikin 100. Waɗannan Hausawa ne kamar mu, Musulmi kamar mu, ƙasarsu ma ta fi tamu rairayi, mata ne kuma waɗanda galibi gonakinsu ne na ƙarshe wajen samun taki.

A karkarar Kano kuma, tun kaka da kakanni jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki da shara. Wannan na cikin abin da ya sa gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su shekara da shekaru ba hutu, kamar yadda masani Michael Mortimore ya yi ta rubutawa. Amma Kanon ce kuma ke nuna mana haɗarin. Masu lambu a bakin Jakara da Getsi suna ban ruwa da ɗanyen ruwan birni wanda ya gauraya da na masana'antu. Ganye kam yana kyau, sai dai ruwan masana'anta, musamman na majema, yana ɗauke da ƙarafa masu guba waɗanda ajiya ba ta kashe su, rana ba ta kashe su. Darasi a nan: ba kowane ruwan ƙazanta ne taki ba.

Maganar tsarki da maganar lafiya

Na san abin da ke ranka: najasa fa? Tambaya ce mai kyau, kuma malaminku ne zai warware muku ita dalla-dalla. Abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta, matuƙar ba najasa take ci ba, masu tsarki ne. Na ɗan Adam najasa ne, dole a kiyaye jiki da tufa. Amma Mukhtasar na Khalil ya lissafa shukar da ta tashi da najasa cikin abubuwa masu tsarki. Maganar saye da sayarwa kuwa akwai saɓani, don haka kafin ƙungiya ta sa kuɗi a ciki, a zauna da malamai.

Maganar lafiya kuwa ba wasa. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ɗanyen bahaya yana ɗauke da kwalara, da taifot, da ƙwan tsutsar ciki mai daɗewa a ƙasa. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 sun ce a yanayi mai zafi irin namu, a ajiye shi fiye da shekara guda ba tare da an ƙara sabo ba kafin a kai gona. Fitsari ya fi sauƙi: in an rufe jarka ruf, shi da kansa yake yin kaifin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Wata ɗaya ya isa ga hatsin da za a dafa, wata shida in na gidaje da yawa ne aka haɗa ko za a sa wa kayan lambu. A bar aƙalla wata guda tsakanin zubawa da girbi.

Abin da za ka iya yi daga bana

Na farko, wanda ka saya kada ya tafi a banza. Fosforas ba ya yawo a ƙasa kamar yuriya, inda ka ajiye shi nan yake zama. Don haka a lokacin shuka ake sa shi, a binne kusa da iri, ba a watsa a sama bayan shuka ta yi gwiwa ba. In kuɗinka bai kai ba, yi irin na manoman Nijar: cikin murfin kwalbar lemo na kamfa 15:15:15, kimanin giram 6, a kowane rami na gero ko dawa, ɗan nesa da irin don kada ya ƙone shi. Gyaɗa da wake da waken soya supa suka fi so, ba yuriya ba. Kuma a shekarar farko shuka ba ta cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka sa, saura yana nan yana jiran baɗi, matuƙar zaizaya ba ta tafi da ƙasar ba. Kunya a gicciyen gangare da layin ciyawa a bakin gona, ajiyar kuɗi ne.

Na biyu, takin gida. Kashin kaji ya fi na shanu fosforas, na awaki da tumaki ma ba baya ba. Tara shi a rami ko a inuwa, a haɗa da toka da shara mai ruɓewa, a tsince leda da batir da gilashi. Takin gida yana kuma taimaka wa ƙasa, musamman jar ƙasa, ta saki fosforas ɗin da ta riƙe. Tsohuwar al'adar nan ta barin shanun Fulani su kwana a gona bayan girbi, inda aka samu fahimta da sanin mai unguwa da arɗo, har gobe tana da riba ga kowa.

Na uku, ƙashi, wato na mahauta. Ƙashin dabba yana cikin abubuwan da suka fi komai fosforas, ya kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. A ƙona shi har ya yi gautsi, a daka, a gauraya da takin gida. A hankali yake saki, ya dace da mangwaro, gwaiba da lambu.

Na huɗu, in kana kiwon tarwaɗa, ruwan da kake canzawa kada ya bi lambatu. Ja shi zuwa gindin ayaba, zogale ko masarar rani.

Na biyar, ga wanda zuciyarsa ta natsu da takin ruwa: a tara a jarka daban, kada ya haɗu da bahaya, a rufe, a rubuta ranar. In lokaci ya yi, a girgiza, domin farin gari-garin da ke kwanciya a ƙasan jarkar shi ne sitirubayit ɗin nan da ake sayarwa a Shikago. A ja ɗan rami tazarar tafin hannu daga gindin shuka, a zuba, a rufe da ƙasa nan take, a bi da ruwa ko a yi bayan an yi ruwan sama. Kada ya taɓa ganye, kada a cika, domin yana da gishiri. Na mutum ɗaya a shekara yana isar fili mai murabba'in mita 300 zuwa 400. Fara da kunya biyar, ka bar biyar a gefe babu, ka kwatanta da kaka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na shida, in masai ya cika kuma akwai fili, rufe shi da ƙasa mai kauri, bayan wasu watanni ka dasa bishiya a kai. Ko a yi rami biyu, ana amfani da ɗaya, ɗayan yana hutawa fiye da shekara. A nisanta kowane rami daga rijiya.

Aikin ƙungiya

Akwai abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiyarku za ta iya zama da sarkin fawa a kan ƙashi da tumbin da ake zubarwa a mayanka ranar kasuwa. Za ta iya neman malamin gona na JARDA ya taimaka a auna ƙasar 'yan ƙungiya, a san wace gona ce ke yunwar fosforas kafin a haɗa kuɗin taki. Za ta iya kai wa shugaban ƙaramar hukuma da sashen tsabtar muhalli buƙata a rubuce: a ware fili nesa da rafi da rijiyoyi, a kewaye, a yi wuraren shanya inda masu yasa za su dinga juyewa, a bar shi ya cika lokacinsa a ƙarƙashin kulawar duba-gari. Wannan ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar dala. Rana muna da ita har ta yi yawa. Masu yasar kuma a sama musu safar hannu, takalmin roba da abin rufe hanci, a daina kallonsu a wulaƙance, domin su ne ke tsakaninmu da annoba.

Kada wani ya ce an ce a daina sayen takin zamani. Abin da ya tafi Dawanau da Legas a cikin buhunan hatsi ba zai dawo ta masan gidanka ba, dole a cike gurbinsa da na buhu. Maganar ita ce a rage asara, buhu ɗaya ya yi aikin da biyu ke yi, wanda ke hannu kuma kada ya ƙare a kududdufi. Farashin fosfet a Maroko da darajar naira ba a hannunmu suke ba. Ramin taki, jarka, da filin shanya a bayan gari kuwa a hannunmu suke. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A taronku na gaba, ku sa wannan magana cikin ajanda, ku zaɓi mutum uku su gwada a gonakinsu, a dawo da kaka a faɗi abin da aka gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga annoba.